Ginin Babbar Manhaja Sassa-Sassa A Cikin 'Yar Ƙwaƙwalwar Na'ura

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wannan magana ita ce ta riƙa faɗo mini a rai tun da na fara karance-karance game da wasu ƙananan ƙwaƙwalen na'ura waɗanda masana ke kira maikurokontirola, domin kuwa a fagen aikinsu miyar ba ta taɓa yawa ba. Wanda ya ke rubuta manhaja don babbar kwamfuta yana iya yin almubazzaranci da wuri da lokaci ba tare da kowa ya lura ba. Amma wanda ya ke rubuta wa waɗannan ƙanana, kowane harafi sai ya yi lissafinsa, kuma a nan ne a ke gane gwani.

Na san wani daga cikin malamaina ko 'yan'uwana ɗalibai zai ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da wannan fage? Amsar tana nan tafe, sai dai ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri mu fara bin maganar daga tushe. Abu guda na ke so in tattauna, watau yadda a ke gina babbar manhajar irin waɗannan na'urori sassa-sassa, da kuma dalilin da ya sa na ke ganin cewa wurin da magini ya ja iyaka tsakanin sashe da sashe shi ne ke yanke hukuncin abin da za a iya canzawa gobe, da abin da zai zauna yadda ya ke har ranar da na'urar za ta mutu.

'Yar Ƙwaƙwalwa Da Ƙuncin Ɗakinta

Maikurokontirola, wadda zan riƙa kira 'yar ƙwaƙwalwa daga nan zuwa gaba, kwamfuta ce sukutum da guda da aka dunƙule cikin ɗan gutsuren silikon, sau da yawa bai kai girman farcen ɗan yatsa ba. A cikinta akwai ɓangaren da ke yin lissafi, da ma'adana iri biyu, da 'yan ƙafafun ƙarfe waɗanda ta ke jin abin da ke faruwa a waje da su, ta kuma ba da umarni. Ma'adana ta farko ta dindindin ce, a nan a ke ajiye manhaja, ko an ɗauke wuta ba ta gogewa. Ta biyu kuwa ta wucin gadi ce, kamar allon da ɗalibi ke yin lissafi a kai, da zarar wuta ta ɗauke sai a wanke shi tas. Mutum na iya wuni cikin irin waɗannan ƙwaƙwale bai sani ba. Akwai su a cikin mitar wutar lantarki ta kati, da na'urar da ke daidaita cajin batirin sola, da rimot ɗin talabijin, da birkin motocin zamani, da injin da ke auna ƙarin ruwa ga majiyyaci a asibiti.

A kan auna girman ma'adana da bayit. Bayit ɗaya kimanin harafi ɗaya ne na boko, bayit 1024 kuwa su ne kilobayit guda. A shekarar 1974 kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fito da wata 'yar ƙwaƙwalwa mai suna TMS1000, wadda ma'adanarta ta wucin gadi ba ta wuce daidai da bayit 32 ba. A 1980 kamfanin Intel ya fito da 8051 mai bayit 128 na wucin gadi da kilobayit 4 na dindindin, kuma har yau ana ƙera jikokinta. Allon Arduino Uno, wanda ɗaliban injiniya ke koyon aiki da shi a ƙasashe da dama, yana ɗauke da ƙwaƙwalwa mai kilobayit 2 na wucin gadi da kilobayit 32 na dindindin. Don mai karatu ya gane ƙuncin wannan ɗaki, ko kashi ɗaya cikin biyar na wannan muƙala da ke hannunsa ba zai shiga kilobayit biyun nan ba. Wayar hannu mai gigabayit 4 ta ninka shi kusan sau miliyan biyu.

Babbar manhaja kuwa ita ce ke riƙe da ragamar na'ura, kamar Windows a kwamfuta ko Android a waya. Ita ke raba lokacin ƙwaƙwalwa tsakanin ayyuka, ta raba musu wuri a ma'adana, ta kuma tsaya tsakaninsu da kayan ƙarfe. Da yawa daga cikin ƙananan na'urori ba su da babbar manhaja ko kaɗan. Umarni ne kawai a jere, na'ura ta bi su daga farko zuwa ƙarshe, ta sake komawa farko, haka har wuta ta ɗauke. Wannan ya wadatar muddin aikin ɗaya ne ko biyu. Amma idan aka ce na'ura guda ta auna zafi, ta saurari rediyo, ta kula da maɓalli, ta rubuta a allo, sa'an nan ta yi barci tsakanin wannan da wancan don kada batiri ya ƙare, to lalle sai an sami mai rabon aiki. Matsalar ita ce mai rabon shi ma a cikin ɗakin zai kwana. In ya cika girma, sai ya cinye wurin da aka kira shi ya raba. Mafitar da masana suka samo ita ce a gina babbar manhajar sassa-sassa, da ƙaramar cibiya wadda ba ta san komai ba sai rabon lokaci, sauran abubuwa kuwa kowane ya zama sashe mai zaman kansa, wanda mai ƙera na'ura zai ɗauka in yana bukata, ya bari in ba ya bukata.

Ina Ya Kamata A Ja Iyaka?

Cewa a raba abu sassa-sassa magana ce mai sauƙin faɗi. Wuyar tana wajen sanin inda za a sa wuƙa. Wanda ya ba da amsar da har yanzu a ke dogara da ita shi ne David Parnas, malami a Jami'ar Carnegie-Mellon ta Amurka, cikin wata muƙala da ya buga a watan Disamba na 1972. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne misalin da ya yi aiki da shi na masu nazarin harshe ne. Ya ɗauki wata manhaja da ke karɓar layukan rubutu, ta jujjuya kalmomin kowane layi yadda kowace kalma za ta sami zuwa farko, sa'an nan ta jera sakamakon bisa tsarin abacada. Alal misali, layin "ruwa ya cika tulu" zai haifi "ya cika tulu ruwa" da "cika tulu ruwa ya" da "tulu ruwa ya cika". Duk wanda ya taɓa neman inda wata kalma ta fito cikin dogon matani ya san amfanin irin wannan fihirisa.

Parnas ya raba wannan aiki ta hanya biyu. A hanya ta farko an bi matakan aikin ne, watau sashen karɓa, da na jujjuyawa, da na jerawa, da na bugawa, kuma dukansu sun san yadda aka ajiye layukan a ma'adana. Ranar da aka canza yadda a ke ajiyewa, tilas a taɓa su duka. A hanya ta biyu sai aka ware sashe guda wanda shi kaɗai ya san sirrin ajiya. Sauran ba su da ikon leƙawa, sai dai su ce, ba ni kalma ta uku a layi na biyar. Ranar da aka canza ajiya, sashe ɗaya kawai za a taɓa. Ƙa'idar da ya fitar ke nan: mai gini ya fara lissafa shawarwarin da ya ke zaton za su canza nan gaba, sa'an nan ya ɓoye kowace shawara cikin sashenta.

Da na karanta wannan sai na tambayi kaina, in da rubutun Hausa aka ba wannan manhaja fa? Tsarin abacada shi ma shawara ce mai canzawa, domin a wurinmu ɓ tana bin b, ƙ tana bin k, kuma sai an yanke ko sh da ts za su zauna a matsayin haruffa masu zaman kansu. In an ɓoye wannan sani cikin sashe guda, sauya shi aikin yini ɗaya ne. In kuwa ya bazu ko'ina cikin manhaja, sai dai a rushe a sake gini. Wurin da sashe ke ganawa da ɗan'uwansa shi na ke kira mahaɗa, kuma mahaɗa alkawari ce: in ka ba ni kaza, zan mayar maka da kaza, yadda na yi kuwa ba ruwanka.

Yadda Magina Suka Yi Aiki Da Ƙa'idar

Bari mu fara da FreeRTOS, wadda Richard Barry ya fito da ita a 2003, kamfanin Amazon kuma ya karɓi ragamarta a 2017. Cibiyarta fayil uku ce kawai na harshen C. Amma abin lura shi ne yadda ta yi da rabon wuri a ma'adana. Ba ta yanke hukunci ba, sai ta ajiye hanyoyi biyar, mai gini ya zaɓi ɗaya. Hanya ta farko tana bayarwa ba ta karɓa, ta dace da na'urar da ke raba wurinta duka tun daga tashi, kuma ita ce mafi ƙanƙanta da saukin tantancewa. Ta huɗu tana karɓar wurin da aka gama da shi, ta haɗe guraben da ke maƙwabtaka don kada ma'adana ta zama gutsattsari. Ta biyar tana yin haka ko da ma'adanar a warwatse ta ke. Cibiya ba ta san wadda aka zaɓa ba, abin da ta sani kawai shi ne ta ce a ba ta wuri, a ba ta.

RIOT kuwa ta fito a 2013, daga haɗin gwiwar jami'o'i biyu na Jamus, ɗaya a Barlin ɗaya a Hamburg, da cibiyar bincike ta INRIA a Faransa. Su shawarar da suka fi ɓoyewa ita ce irin ƙarfen da manhaja za ta hau. Sun ware cibiya daban, da abin da ya shafi kowace irin ƙwaƙwalwa daban, da abin da ya shafi kowane allo daban, da direbobi, watau sassan da ke magana da ma'aunin zafi ko rediyo, su ma daban. Mai son ƙara sashe layi ɗaya zai rubuta a takardar harhaɗawa. Saboda iyakar ta fita sosai, har ana iya cire ƙarfen baki ɗaya a gwada manhajar a kan kwamfuta mai Linux kafin a sayi allo ko ɗaya. Zephyr, wadda Gidauniyar Linux ta ƙaddamar a 2016, ita ma wannan tafarki ta bi, ta ware bayanin allo cikin takarda guda, ta ware jerin sassan da za a kunna ko a kashe cikin wata.

Akwai kuma tambayar lokacin da ya kamata a haɗa sassan, kuma a nan magina suka rabu biyu. TinyOS ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wadda aka bayyana a 2000, ta fara ne a kan na'ura mai bayit 512 na wucin gadi da kilobayit 8 na dindindin. A tsarinta kowane sashe yana faɗin mahaɗar da ya ke bayarwa da wadda ya ke bukata, sai a ɗinke su tun wajen harhaɗawa, a zubar da duk abin da ba a kira ba. Ke nan iyakokin suna nan a idon mai rubutu, amma a cikin na'ura sun narke, ba su cin wuri. Da irin wannan aka binne 'yan na'urori a ramukan wasu tsuntsayen teku a tsibirin Great Duck na jihar Maine a 2002, suna aiko da labarin zafi da laima ba tare da mutum ya je ya firgita tsuntsayen ba. Contiki, wadda Adam Dunkels ya fitar a Suwidin a 2003, sai ta zaɓi a bar iyakokin da rai, yadda za a iya aika sabon sashe ta rediyo ya maye gurbin tsoho alhali na'urar tana can inda aka dasa ta. Dalilinsu shi ne aika sashe ɗaya ya fi aika manhaja duka sauƙi ga batiri. Na farko sun sami ƙanƙanta, na biyu sun sami damar gyara daga nesa, kuma kowa ya biya da abin da ɗan'uwansa ya samu.

Abin Da Na Gani Da Idona

Yanzu sai in cika alkawarin da na yi game da abin da ya haɗa ɗalibin Hausa da wannan fage. A zangon karatu da ya wuce, wani abokin ɗakina, ɗalibin injiniyan lantarki, ya ƙera wata 'yar na'ura mai auna ruwan tanki, ta kunna famfo in ruwa ya yi ƙasa, ta kashe shi in tanki ya cika. Ya sa mata irin ɗan allon nan mai layi biyu, kowane layi harafi 16, wanda ya cika kasuwar kayan lantarki. Da ya yi niyyar kai ta gidan kakarsa, sai ya roƙe ni in mayar da saƙonnin allon zuwa Hausa. Saƙonnin ba su kai ashirin ba, na zaci aikin dare ɗaya ne.

Da muka zauna sai muka tarar saƙonnin a warwatse su ke cikin manhajar. Sashen famfo yana rubuta nasa a allo kai tsaye, sashen batiri yana rubuta nasa, kowa ya san faɗin allon, kowa kuma ya ɗauka cewa harafi ɗaya bayit ɗaya ne. Wannan zato na ƙarshe gaskiya ne a Ingilishi. Amma a tsarin UTF-8 da a ke rubutu da shi a kwamfutocin yau, ɓ da ɗ da ƙ kowanne bayit biyu ne, don haka lissafin haruffa 16 ya rikice. Bugu da ƙari, haruffan da aka ƙera allon da su ba su haɗa da masu lanƙwasa ba. Abokina ya ce mu rubuta da k kawai, ai za a gane. Na ce masa ya dubi saƙon da ya fi kowane muhimmanci, watau "Ruwa ya ƙare", ya cire lanƙwasar ya karanta, sa'an nan ya yi haka da "Batiri ya yi ƙasa". Mai karatun da ya saba zai gane daga muhallin magana, amma na'urar da aka yi don tsohuwa da jikokinta masu koyon karatu bai kamata ta koya musu cewa kare da ƙare abu ɗaya ne ba.

Abin da ya yi shi ne ainihin abin da Parnas ya faɗa. Ya ware saƙonni duka cikin sashe guda, kowane da lambarsa, ya kuma ware sashen allo wanda shi kaɗai ya san yadda a ke zana harafi. Daga nan sashen famfo bai ƙara sanin wani harshe ba, sai dai ya ce a nuna saƙo na uku. Hausa ta zama fayil guda, Ingilishi ya zama wani, ana zaɓen ɗaya wajen harhaɗawa, wanda aka bari ba ya cin ko bayit ɗaya. Sa'an nan muka gano cewa irin wannan allo yana da gurabe takwas da aka bar wa mai gini ya zana nasa haruffa, kowane cikin ɗigo biyar a kwance da takwas a tsaye. Muka ɗauki takardar lissafi mai gida-gida muka zana ɓ da ɗ da ƙ da manyansu, shida ke nan, ragowar biyun kuma suka isa ƴ da babbanta kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Duka-duka bayit 64 suka ci.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba wanda ya zauna ya ƙudurta hana Hausa shiga wannan na'ura. An hana ta ne tun ranar da ba a ɗauki harshe a matsayin abin da zai iya canzawa ba, don haka ba a ja masa iyaka ba. Mu mun ci sa'a mai ginin yana ɗaki ɗaya da ni. Na'urar da aka ƙera dubu-dubu aka rufe da hatimi aka manna a bango, ita kam yadda aka yanke mata ranar farko haka za ta zauna.

Ladan Kuturu

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tsari ba shi da wahala, domin an ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wahala ta farko ita ce iyaka kanta tana cin wuri. Kowane aiki mai zaman kansa yana bukatar ɗan filinsa a ma'adanar wucin gadi inda zai ajiye abin da ya ke ciki in an katse shi. In aka ba ayyuka huɗu bayit 256 kowanne, rabin kilobayit biyun nan ya tafi tun ba a fara komai ba. Wannan ne ya sa Contiki ta ƙirƙiro wasu ayyuka marasa filin kansu, waɗanda bayit biyu kacal ke isar kowanne, amma da sharaɗin mai rubutu ya kiyaye wasu dokoki masu tsauri.

Ta biyu, sassa na iya zama lafiya lau ɗaya-ɗaya, amma su ɓaci in sun haɗu. Kumbon Pathfinder da hukumar NASA ta saukar a duniyar Mas ranar 4 ga Yuli, 1997, ya yi aiki da babbar manhaja mai suna VxWorks. Kwamfutarsa ta fi waɗanda mu ke magana a kai girma, amma darasin ɗaya ne. Bayan 'yan kwanaki sai ta riƙa kashe kanta tana sake tashi. Ashe wani ƙaramin aiki mai tattara labarin yanayi ne kan ɗauki mabuɗin wata ma'ajiya da a ke tarayya a kai, kafin ya mayar sai ayyuka matsakaita su ture shi gefe, babban aiki kuma ya tsaya jiran mabuɗi. Mai gadin lokaci in ya ga babban aiki bai kammala ba, sai ya ɗauka na'ura ta sandare, ya sake tayar da ita. Injiniyoyi suka maimaita matsalar a kan irin kwamfutar a ƙasa, suka aika gyara ta rediyo: duk ƙaramin da ke riƙe da mabuɗin da babba ke jira, a ara masa matsayin babban har ya mayar. Ba sashen da ya saɓa abin da aka rubuta masa. Alkawarin mahaɗa ne ya faɗi abin da za a bayar, bai faɗi tsawon jiran ba.

Ta uku, sashen da ya yi kyau kowa ɗauka ya ke yi, in kuwa da aibi a cikinsa sai aibin ya bi shi duk inda ya je, wake ɗaya ya ɓata gari. A watan Yuni na 2020 masu binciken tsaro suka bayyana kurakurai 19, waɗanda suka kira Ripple20, cikin wani sashen sadarwar intanet na kamfanin Treck, wanda ya shiga injinan buga takardu da na'urorin ƙarin ruwa na asibiti da kayan masana'antu. A Disamba na wannan shekara aka sake bayyana wasu 33, masu suna AMNESIA:33, cikin sassan sadarwa huɗu, har da uIP wanda Contiki ta yi aiki da shi. Babbar wahalar ita ce masu na'urori da yawa ba su ma san sashen yana cikin kayansu ba, domin ya bi ta hannu da hannu kafin ya iso. Sai dai a nan ma tsarin sassa yana da abin cewa, domin sashen da ba a ɗora ba, ba a shigowa ta cikinsa, wanda aka san iyakarsa kuma ana iya cire shi a sa wani.

Ta huɗu ita ce, a yawancin waɗannan manhajoji iyakar a takarda kawai ta ke. Cikin na'ura kowane sashe na iya miƙa hannu ya ɓata filin ɗan'uwansa. Masu ginin Tock, waɗanda suka bayyana aikinsu a 2017 a kan ƙwaƙwalwa mai kilobayit 64, sun nemi mayar da iyakar ta zama katanga. Sun rubuta cibiya da direbobi da harshen Rust, wanda ke ƙin harhaɗa sashen da ke neman taɓa abin da ba nasa ba, sa'an nan suka sa wani mai gadi na ƙarfe da ke cikin ƙwaƙwalwar ya killace manhajojin da ke kanta. A kan Tock ɗin nan Google ya gina mabuɗinsa na tsaro mai suna OpenSK a 2020.

Kammalawa

A nawa ganin, duk da waɗannan wahalhalu, ginin sassa-sassa shi ne ya fi dacewa da ƙaramar na'ura, domin ita ce ta fi daɗewa a wurin da hannu ba ya kai mata, ita ce kuma ba ta da sararin ɗaukar kayan da ba ta bukata. Amma alherinsa bai wuce hangen mai ginin ba. Wanda ya hango cewa allo zai canza, ya ware allo. Wanda ya hango cewa hanyar rabon wuri za ta canza, ya ajiye hanyoyi biyar. Abin da bai zo wa magini a rai ba kuwa, shi ne zai narke cikin gini ya ƙi fita, kuma mutum ba ya hango canjin abin da bai taɓa ganin irinsa biyu ba.

Nan ne na ke ganin muna da abin yi, mu da malamanmu. Ba sai mun iya harshen C ba kafin mu tanadi sashenmu. Jerin gajerun saƙonni da aka amince da su, kowane bai wuce harafi 16 ba, da zanen haruffa takwas cikin ɗigo biyar da takwas, da ƙa'idar jera kalmomi bisa abacadar Hausa, duk aikin masu nazarin harshe ne, kuma ɗalibai kaɗan na iya gama su cikin zango guda. In suna nan a ajiye, ɗalibin injiniyan da ya zo neman su zai samu, kuma ganinsu kaɗai na iya tuna masa ya bar musu mahaɗa tun kafin ya rufe na'urarsa.